Na tsuke hannu a tebur ɗin 1/2 amma kuɗi sai zurarewa suke, ina matsalar take?

Direban Dare:
Salamu alaikum jama'a. Na san zauren nan na maganar aiki ne da neman ɗaki da takardu, kuma akwai manya a ciki, a yi min afuwa, abin ne ya tsaya min a rai kuma ba ni da wanda zan faɗa wa da Hausa. Sati goma sha ɗaya kenan in na ajiye tasi da daddare nakan wuce wani gidan karta a nan Amurka, foka ake bugawa, holdem (kowa kati biyu a hannu, a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa) ɗin da ba a ƙayyade abin da mutum zai zuba ba, ƙaramin tebur na dala 1 da dala 2, da 300 nake zama. Abin da na fara koya shi ne a tsuke hannu, kada a shiga sai da kati mai kyau, kuma wallahi haka nake yi, sai in yi awa guda ina jefar da kati ina kallon mutane na shiga da tarkace suna kwasa. Sati takwas na farko na hau da 2,300. A sati ukun nan 1,900 ta tafi. Hannu uku ne suka fi ci min rai. Na farko AA, wato A biyu a hannu, hannun da ya fi kowanne ƙarfi (K ke bin A, sai Q, J, T wato 10), bayan na yi kusan awa uku ban taɓa kuɗin tsakiya ba, na ɗaga zuwa 10 mutum biyar suka biyo ni, katin tsakiya suka fito 9, 7, 4, na zuba 40, sai wani dattijo da tun da na zauna bai taɓa ɗagawa ba, shayinsa kawai yake kurɓa yana bi yana bi, ya turo duk abin da ke gabansa wajen 250. Na bi. 9 da 7 ya buɗe, suka haɗu da 9 da 7 na tsakiya, nau'i biyu kenan, ya doke ni. Na biyu KK, muka tura duka da wani yaro mai AQ tun ba a buɗe tsakiya ba, A ta faɗo a katin ƙarshe. Na uku ina da 88, 8 ta fito na zama da uku, wani mai jiran fulash, wato kati biyar masu alama ɗaya, ya tura na bi, ta zo masa. Toh shin tsuke hannun ne ba ya aiki a ƙananan tebura ko kuwa rashin sa'a ce kawai zan jira ta wuce?

Ɗan Landan:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni fam 1 da fam 2 nake bugawa a nan kuma halin mutanen iri ɗaya ne da naku. Hannu na biyu da na uku manta da su, ka yi daidai, gobe ma haka za ka yi. Na farkon ne naka. Ɗagawa zuwa 10 a teburin da kowa ke bi ai gayyata ce ka yi, AA da mutum ɗaya sarki ce amma da mutum biyar kusan rabi da rabi take. Ka kai ta 15 ko 18, in akwai waɗanda suka riga suka shiga da 2 ka ƙara 2 a kan kowanne, za ka ga har yanzu ana bi amma mutum ɗaya ko biyu.

Mai Lissafi:
Ni ban taɓa zama a teburin ba, amma lissafin yiwuwa shi ne karatuna kuma karta ce misalin da aka fi koyar da mu da shi, bari in sa baki. Kati 52, hanyoyin da za a ba ka biyu daga ciki 1,326 ne, shida kacal daga ciki ne AA, wato sau ɗaya cikin 221. A tebur na ido da ido hannu 25 zuwa 30 ake rabawa a awa, kaga kenan a matsakaici sai ka yi sama da awa bakwai kafin ka gan ta sau ɗaya, shi ya sa in ta zo aka doke ta take zafi kamar an kwace maka albashi. Yanzu KK da AQ kana gaba da wajen kashi 70 cikin ɗari. Uku iri ɗaya da mai jiran fulash kana gaba da kusan uku cikin huɗu. In ka haɗa biyun, damar ka ci duka biyun kashi 52 ce ko 53, wato saura kaɗan ya zama kamar jefa kwabo cewa ɗaya zai kuɓuce. Mutane in sun ji kashi 80 sai su ɗauka tabbas ne, alhali in ka shiga irin wannan sau biyar damar ka tsallake duka biyar ɗin ba ta kai kashi 33 ba. Awa nawa ka yi gaba ɗaya, kana rubutawa?

Direban Dare:
Ina rubutawa a waya yallaɓai. Awa 140 da 'yan mintuna.

Mai Lissafi:
Madalla, ka fi mutane da yawa. Awa 140 hannu 4,200 ne in mun ɗauki 30 a awa, AA ta zo maka wajen sau 19 kenan a duk tarihinka. Abin da 'yan wasan ke cewa bariyans ni lilo nake ce masa, yadda sakamako ke kaiwa da komowa a gefen ainihin ƙarfinka. Mu ƙaddara a teburin 1/2 lilon awa guda dala 100 ne, sama ko ƙasa, wannan ƙiyasi ne mai sauƙi ga mai tsuke hannu, a teburin da ake hauka zai fi haka sosai. Lilo ba ya girma daidai da awanni, in ka ninka awanni sau huɗu shi sau biyu yake ninkuwa, riba kuma sau huɗu, wannan ne kaɗai dalilin da gwani ke fita a ƙarshe. Mai cin dala 10 a awa da gaske, bayan awa 100 ana sa ran yana sama da 1,000, lilonsa ma 1,000, saboda haka cikin irinsa shida ɗaya zai tarar da kansa a ƙasa ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya ba. Mai cin 5 a awa kuwa kusan ɗaya cikin uku. Amma juya shi ka gani, wanda a gaskiya asarar 5 yake a kowace awa shi ma kusan ɗaya cikin uku zai tarar da kansa a sama bayan awa 100, ya je gida yana cewa ya iya. Kai yanzu 400 gare ka a awa 140, bai kai dala 3 a awa ba, kuma da wannan ɗan adadin abin da lissafi zai iya cewa kawai shi ne ƙarfinka na wani wuri tsakanin asarar 14 da ribar 20 a awa. Wato 2,300 ɗin ba ta nuna ka iya ba, 1,900 ɗin ma ba ta nuna ba ka iya ba.

Ɗan Landan:
Wannan lissafin gaskiya ne amma kada ya sa yaro ya ɗauka komai sa'a ce. Ni matsalata da masu tsuke hannu ita ce sun mayar da shi addini. Mutum ya zauna a kujerar ƙarshe, kowa ya yi magana kafin shi, yana riƙe da 9 da 8 masu alama ɗaya ko A da 5 masu alama ɗaya, mutum huɗu sun shiga da 2, ya jefar wai ba ya cikin jerin da ya haddace. Ai nan kuɗin suke. A kujerun farko ka tsuke iya tsukewa ban hana ka ba, amma in kai ne na ƙarshe buɗe hannu. Kuma kada ka manta kuɗin dole, dala 1 da 2 ɗin nan da ake sawa kafin a raba kati, na cin ka kana zaune, dala 3 duk zagaye, mutum tara a tebur, a awa ɗaya wajen dala 10 kenan ko ka taɓa kati ko ba ka taɓa ba. Sannan in kullum sai da AA ko KK kake motsi ranar da ka ɗaga kowa zai gudu ka kwashi dala 7.

Tsohon Dila:
Ɗan Landan, a babban tebur maganarka ta ƙarshe haka take, a 1/2 ba haka ba ne. Shekara shida na yi ina raba kati a Amurkar nan kafin Allah ya ba ni wani aikin, kuma na ga mutum ya yi awa huɗu bai motsa ba, ya ɗaga zuwa 15, mutum huɗu suka bi shi kamar ba su gan shi zaune ba. Ba sa kallonka, katinsu suke kallo da talabijin ɗin ƙwallo da ke bango. Shi ya sa tsuke hannu ke aiki a can, kuma shi ya sa burga ba ta aiki, ba a yi wa wanda ba ya jefar da kati burga. Ga shi ma Direba ya faɗa da bakinsa, awa uku bai taɓa tsakiya ba amma biyar suka bi shi.

Ƙanena Direba, bari in gaya maka abin da ba ka gani daga kujerarka. A hannun daman dila akwai wata 'yar kafa a jikin tebur, ƙarƙashinta akwatin ƙarfe ne mai makulli. Duk hannun da aka buga, kafin in tura wa mai ci kuɗinsa, sai na zare kason gida na ajiye a gefe, in an gama in ja marfin su faɗa, ƙarar ma ba ka ji saboda hayaniya. A gidajen da na sani kashi 10 cikin ɗari ne na kuɗin tsakiya har ya kai dala 5 ko 6, sannan a zare 1 ko 2 na jakfot, sannan kai da ka ci ka miƙo min tukuicin dala 1. Ka ɗauka 4 kawai ke faɗawa a kowane hannu, sau 30, dala 120 a awa. Mutum tara kowa da 200 dala 1,800 ce. Cikin awa 15 akwatin nan ya shanye duk abin da ke kan tebur in ba a sake ciro sabo daga aljihu ba, kuma kullum ana cirowa, na'urar cire kuɗi na nan bakin ƙofa. Da asuba masu gadi biyu za su zo da keke su zare akwatin su sa wani fanko, nauyinsa kaɗai in ka ga yadda suke ɗagawa ya ishe ka. Toh ba wai ka fi mutanen tebur iyawa ne kawai ake nema ba, sai ka fi su da tazarar da za ta biya akwatin ta bar maka saura.

Nan ne ma tsuke hannu ke da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Mai cin tsakiya shi ke biyan kason. Tsakiyar 30 za a cire 3, kashi 10 cur. Tsakiyar 300 za a cire 5 ko 6, kashi 2 kenan. Mai shiga kowane hannu yana cin ƙanana da yawa shi ke ciyar da gidan, mai jira ya ci babba kaɗan yake biya.

Direban Dare:
Yaya wallahi ban taɓa lissafa wannan ba. Ina ganin hannun dila na zuwa gefe amma ban taɓa tarawa ba. Toh hannun dattijon nan fa, kai da ka ga irinsu, jefarwa za ka yi? AA fa.

Tsohon Dila:
Jefarwa, kuma ba tare da dogon tunani ba. Irin dattijon nan na san su kamar yunwar cikina, da safe suke zuwa, a ba su kofi, su bi su bi, in suna jiran fulash bi suke, in suna da biyu iri ɗaya bi suke. Ranar da ka ga ya tura duka to ya wuce biyu iri ɗaya, ko nau'i biyu ko uku. A shekara shida zan iya ƙirga da yatsun hannu ɗaya lokutan da na ga irinsa ya tura da iska. Kuma abin da ya sa ka bi ba katin ba ne, awa ukun da ka yi kana jira ne. Wannan ita ce cutar masu tsuke hannu da na fi gani, suna da haƙuri kafin a buɗe tsakiya amma bayan an buɗe ba sa iya sakin abin da suka daɗe suna jira, sai mutum ya ji kamar bashi ake bin tebur. Ya tara 8, 12, 20 duk dare da kyakkyawan wasa, hannu ɗaya ya mayar da 250. Tsuke hannu ba a zaɓen kati kaɗai yake ba, har da iya ajiye babban kati in labari ya canza.

Mai Lissafi:
Lambobi ma suna bayan Yaya. Tsakiya 60, ka zuba 40, ya tura 250, jimla 350, kai kuma 210 za ka ƙara. Kenan sai kana cin hannun kusan sau 38 cikin ɗari kafin bin ya biya kansa. In nau'i biyu gare shi kamar yadda ya fito kana da wajen ɗaya cikin huɗu ko sama kaɗan, in uku iri ɗaya ne wajen ɗaya cikin goma. Sai in kana ganin sau da yawa yakan yi haka da TT ko JJ ko A9, kai kuma da bakinka ka ce bai taɓa ɗagawa ba.

Ɗan Landan:
Na yarda da wannan. Amma da yaron AQ ne ya tura a kan 9, 7, 4 ni da gudu zan bi. Mutum ake bugawa ba kati ba.

Kawun Zaure:
Na karanta tun daga sama ban ce komai ba don ina so in fahimci abin da ake ciki. Ɗana Direba, kai ka ce a yi maka afuwa, an yi, kuma gara da ka faɗa a nan da ka ɓoye. Amma ba zan ga ana gyara maka yadda za ka ɗaga zuwa 15 in yi shiru ba. Sunan abin nan caca, kuma ba ni na sa masa ba. Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haɗa shi da giya ta ce a nisance shi, ta 91 ta faɗi dalili, gaba da ƙiyayya da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Abin da ya fi kama da hirarku ma yana Baƙara aya ta 219, inda aka ce akwai wasu amfanoni ga mutane a ciki amma zunubin ya fi amfanin girma. Ba a ce babu mai ci ba. An san akwai. Ina tambayarka tsakaninka da Allah, a sati goma sha ɗayan nan asuba nawa ka samu a kan lokaci?

Ɗan Landan:
Kawu da girmanka, ba musu nake da aya ba, amma foka ba kamar injin ja ko rulet ba ce da gida kake karawa kuma dole ka faɗi. Wannan da mutane kake, iyawa na aiki. Ko a 2012 wani alƙalin tarayya a Brooklyn, Jack Weinstein, ya yanke cewa gwaninta ta fi sa'a yawa a cikinta, duk da kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013 ta wata fuskar doka.

Kawun Zaure:
Ɗana, alƙalin Brooklyn dokar Amurka yake fassarawa. Ni ban ce babu iyawa ba, Mai Lissafi ya nuna akwai. Tambayata kuɗin daga ina suke fitowa? Direba in ya kai mutum filin jirgi, mutumin ya isa, shi ya samu kuɗi, kowa ya tafi da abinsa. A teburin nan me aka sayar? Iyawar taka ita ce ka gano wanda ya fi ka rauni ka zauna kusa da shi. Kai kanka in ka duba za ka ga teburin da kuke kira mai kyau shi ne wanda akwai mashayi ko wanda zuciya ta ɗebe shi.

Tsohon Dila:
Kawu ya taɓa inda yake min ciwo. Abin da ya fitar da ni daga aikin kenan, ba albashi ba. Akwai wani da yake zuwa duk ranar da aka biya shi, da rigar aikinsa a jiki, kuma in ya shigo sai ka ga 'yan kullum suna zuwa wurin mai rubuta suna a canza musu tebur zuwa nasa. Wata rana ya tashi sau huɗu zuwa na'urar cire kuɗi, na huɗun ya dawo hannu wofi ya tsaya bayan kujerarsa yana kallon katin da nake rabawa wasu, bai ce komai ba, ni ne na tura kuɗinsa gaban mutane da hannuna duk daren. Na je gida na kasa barci. Duk da haka na amsa wa Direba tambayarsa ta wasa don in ya ji ƙarya daga gare mu a kan kati ba zai yarda da mu a kan sauran ba.

Mai Lissafi:
Akwai abu ɗaya da nake so in ƙara don shi ne ainihin tambayar da aka yi, wai ko tsuke hannu na kare mutum daga lilo. Yana rage shi kaɗan, ba ya kashe shi. Kana shiga hannu 15 cikin ɗari, huɗu ko biyar a awa, amma waɗanda kake shiga ɗin su ne masu manyan kuɗi, sakamakon darenka gaba ɗaya na rataye a hannu biyu ko uku. Sannan ƙarancin hannu na nufin lokacin da gaskiya za ta fito ya ƙara nisa. Ka duba lokacin da jami'ar Carnegie Mellon ta gwada manhajarta Libratus da ƙwararru huɗu a Pittsburgh a 2017, hannu 120,000 suka buga cikin kwana 20 don kada a ce sa'a ce. Kai a teburinka hannu 120,000 awa 4,000 ce, kusan shekara biyu kana yi kamar aikin ofis awa 40 a sati. Sai maganar jari. Da lilon 100 ɗin nan, mai cin 5 a awa da jarin 2,000 yana da wajen kashi 13 ko 14 na ya ƙare tas kafin iyawarsa ta cece shi, in jarin 900 ne ya haura kashi 40, kuma wannan in ba ya taɓa ribar kenan. Wanda ba ya ci kuwa, ko nawa ne jarin ƙarewa zai yi, lokaci ne kawai. Shi ya sa su kansu 'yan wasan ke cewa a ware ninkin kuɗin da ake zama da su sau 20 zuwa 30, da ba na haya ba ne ba na abinci ba. Kai nawa ka ware?

Direban Dare:
Ban ware ba gaskiya. Daga asusun da nake aiki da shi nake cira.

Anti Nas:
Tun ɗazu wannan amsar nake jira. Ƙanena, ni ban san AA ban san KK ba, amma na san asusun da direba ke aiki da shi, a ciki inshorar mota take, a ciki haya take, a ciki na Mama yake. Ka ce kana sama da 400. Ka cire man zuwa da dawowa? Kuɗin gada? Abincin da kake ci a can? Kuma awa 140 ɗin nan ai ba daga barci kaɗai ka ciro su ba, daren Juma'a da Asabar ne, lokacin da tasi ta fi kawowa. Ka ɗauki abin da kake samu a awa a kan titi ka ninka sau 140 ka ajiye kusa da 400 ɗin ka kalla. Ni a asibiti dare nake yi, na san yadda mutum yake in ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, hannu na rawa ido na yaji, kai kuma da safe mutane kake ɗauka a mota. Wannan ya fi kuɗin tsorata ni wallahi. In ka ji abin ya fi ƙarfinka akwai layin 1-800-GAMBLER, kyauta ne kuma ba sai ka faɗi sunanka ba, ba abin kunya ba ne.

Ɗan Landan:
Anti a nan ba ni da ta cewa. Ni kuɗin wasana a wani asusu daban suke kuma in sun ƙare sun ƙare. Direba in daga na haya kake cira to ko wasan ma ba za ka iya yi daidai ba, mai tsoron kuɗinsa ko dai ya jefar inda ya kamata ya bi ko ya bi don ya rama. Inaga ma shi ya sa ka bi dattijon.

Tsohon Dila:
Ana yawan ba yara labarin Chris Moneymaker, akawu daga Tennessee da ya samu kujera ta intanet da 'yan daloli ya cinye babbar gasar Las Vegas a 2003, dala miliyan 2 da rabi, cikin mutum 839. Labarin nan shi ya cika ɗakunan foka da mutane. Ba a cika ba su na Stu Ungar ba, wanda da yawa ke cewa ba a yi mai kaifinsa ba, ya ci gasar a 1980 da 1981 ya sake ci a 1997 aka ba shi miliyan 1, a 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas yana da shekara 45, kuɗin duk sun tafi a ƙwaya da wasu cacar. Iya kati daban, iya riƙe kai daban, kuma a teburin 1/2 na ga na biyun ya fi kayar da mutane.

Direban Dare:
Na gode muku duka, har da Kawu, ban ji haushi ba. Anti na yi lissafin da kika ce yanzu ina zaune a mota. Mai da gada da abinci sun kai wajen 14 duk zuwa, zuwa 31 na yi, 434 kenan, kaga 400 ɗin ma babu ita. Na awannin tasi kuwa na fara ninkawa na tsaya, na ga inda zai kai. Kawu amsar tambayarka ba za ta faɗu a zaure ba, zan kira ka bayan isha in ka ba ni dama. Abin da ke damuna shi ne ko yanzu da nake rubutun nan wani ɓangare na zuciyata cewa yake ai an gano kuskuren, ka ɗaga zuwa 15, ka jefar wa dattijo, koma ka gyara.

Mai Lissafi:
Ko ka gyara duka biyun, sai ka yi wasu ɗaruruwan awanni kafin ka san ko gyaran ya yi aiki, kuma da kuɗin haya za ka biya kuɗin gwajin.

Kawun Zaure:
Kira ni ɗana, ina gida. In ban ɗauka ba ina masallaci ne, ka sake kira ƙarfe tara.

Direban Dare:
Toh Kawu. Juma'ar nan dai na karɓi ɗaukar wasu baƙi daga filin jirgi ƙarfe sha ɗaya na dare, na riga na ce musu eh don kada in samu hanyar zuwa can. Ta Asabar ce ban san yadda zan yi da ita ba tukuna, in akwai mai aikin kwasar kaya ko wani abu da ke neman hannu a daren ya yi min magana ta gefe.

Anti Nas:
Maigidana na neman wanda zai taya shi kai kujeru wurin walimar suna ranar Asabar, daga la'asar har a tashi, kuma akwai tuwo. Zan turo maka lambarsa.